Matar da ke Rufe wa Tench da Garside Ƙofa

Glenys Thackray shekararta sittin da uku. Tana zaune ita kaɗai a wani ƙaramin gida a Armley, cikin Leeds, tun bayan rasuwar mijinta, kuma ta yi shekara ashirin da tara tana buɗe ƙofa tana rufewa a shirin barkwancin Tench da Garside na rediyo. Duk wani takun ƙafa da aka taɓa ji a shirin nata ne. Duk shayin da aka ji an tsiyaya, ita ta tsiyaya, a gefen dandamali, taku shida daga inda 'yan wasan ke tsayawa. Muryarta ba ta taɓa fita ba. Sunanta kan zo ne can ƙarshe, lokacin da yawancin masu saurare sun riga sun tashi ɗora butar shayi.

Ubanta kafinta ne a gidan wasan kwaikwayo, shi ya ƙera mata ƙofar da take aiki da ita. Tsayin ƙofar bai wuce ƙugu ba, amma da sakata da kwaɗo da sarƙa da ƙarfen ƙwanƙwasawa, a kan tayoyi huɗu. Glenys ta bar makaranta tana da shekara goma sha shida, ta fara da shara a bayan labule, ta koyi aikin sauti a hannun wani tsoho da bai cika magana ba. Doka ɗaya ya bar mata: abin da ba ya cikin takarda, ba a yi masa ƙara. Dalilinsa kuwa, mai saurare ba ya gani. In ya ji an rufe ƙofa, to mutum ya fita, kuma babu ɗan wasan da ya isa ya ce yana nan cikin ɗakin. Glenys ba ta taɓa karya dokar nan ba sai ranar Lahadin ƙarshe ta watan Mayun bana.

Norman Tench dogo ne siriri, ɗan shekara saba'in da ɗaya, mai ɗaurarriyar fuska. Shi ke shimfiɗa magana. Wilf Garside gajere ne mai tumbi, Norman ya girme shi da shekara biyu, Wilf ɗin ke hawa shimfiɗar ya fasa dariya. Sun fara ne a kulob ɗin ma'aikatan masaƙa, sun yi shekara shida a talabijin, da aka daina yayinsu suka koma rediyo, inda babu mai ganin furfura. Norman a hagu, Wilf a dama, ko a hoto ba sa sauyawa. Rubutu ma haka yake: Wilf na kai-komo a ɗaki yana zuba, Norman na zaune yana bugawa yana sokewa.

Akwai kuma wani alkawari a tsakaninsu da duk ma'aikatan shirin suka sani. Tun suna samari sun taɓa kallon wasu tsofaffin 'yan barkwanci biyu a Blackpool, ɗaya ya ruɗe, ɗayan na ja masa baki, 'yan kallo na dariyar tausayi. Suna fitowa suka yi musabaha a kan cewa ranar da ɗayansu ya kasa, ranar su biyun za su aje. Norman irin mutanen nan ne da in ya ce ƙarfe tara, tara saura biyar yana bakin ƙofa. Babu wanda ya taɓa shakkar zai cika.

A watan Fabrairu Glenys ta lura da hannun Wilf. 'Yan wasan rediyo da takarda a hannu suke wasa, in shafi ya ƙare sai su zare shi a hankali su sake shi ƙasa, don kada makirufo ya ɗauki motsinsa. Ita kuwa daga inda take tsayawa tana ganin hannuwansu. Wilf ba takardarsa yake kallo ba. Hannun Norman yake sata da wutsiyar ido, in Norman ya saki shafi shi ma ya saki. Sau ɗaya ya saki biyu a haɗe, ya ci gaba da magana tiryan-tiryan bai ma sani ba.

Ta tare shi a matattakalar baya yana sa kwat.

"Wilf, karanta min wancan allon."

Allon gargaɗin gobara ne, da manyan haruffa. Ya dube shi, ya dube ta.

"An ce a guji tsayawa da mata masu sa ido."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Ke ai ba ki iya ba."

Ya zauna a kan matattakalar. Ya ce a makon Kirsimeti, yana wanke kofi, hannunsa ya mutu na 'yan mintoci, bakinsa ya karkace, sannan komai ya dawo sai abu ɗaya. Yana ganin haruffa sarai, amma sun ƙi haɗuwa su zama kalma. Likita ya ce jini ne ya ɗan toshe a ƙwaƙwalwa, wataƙila karatun ya dawo, wataƙila ya tafi ke nan. Tun lokacin haddacewa yake yi, daga abin da ya tuna sun rubuta da abin da ya ji a wajen gwaji.

"Norman ya sani?"

"Da ya sani da yanzu ina gida ina ba tantabaru tsaba. Kin san shi. Baƙar kwat zai sa ya zo har gida ya yi min ta'aziyyar kaina, da gwangwanin biskit."

"Abokinka ne fa, shekara arba'in da biyu."

"Shi ya sa. Glen, matata ta rasu, yara suna Ostareliya. In aka cire min Lahadi, me ya rage a mako?"

Ba ta ce ta yarda ba. Amma tun Laraba ake ba ta takardun wasa don ta haɗa kayan sauti, don haka ranar Alhamis ta hau bas zuwa Pudsey, inda Wilf ke zaune, da su a jaka. Ta zauna a kicin ɗinsa tana karantawa layi-layi, ita ce Norman, shi yana maimaita nasa, wayarsa a kan tebur tana naɗa. Haka suka yi kowane mako har Mayu. Kan Wilf na ɗaukar kaya, shafi talatin kan shige cikin kwana uku. Abin da ba su da maganinsa shi ne takarda mai ruwan hoda. Bayan gwajin rana, duk abin da aka gyara akan buga shi ne a irin wannan takarda don kowa ya san sabo ne, a raba kafin 'yan kallo su shigo. Yawanci layi ɗaya ne ko biyu, sai ta raɗa masa a wajen haɗa shayi.

Ranar Lahadin da ake magana ita ce ɗaukar ƙarshe ta zangon bana. Imogen Lathbury, furodusar shirin, wadda ba a haife ta ba lokacin da su Norman suka fara, ta tara su da safe ta ce shugaban sashen barkwanci zai zo daga London ya zauna a layi na uku. Daga abin da ya gani zai yanke ko za a ba su sabon zango.

Guntun wasan ƙarshe kan tsani ne. Wilf ya ari tsanin maƙwabcinsa, Norman, shekara goma sha tara da suka wuce, Norman kuma saboda kawaici bai taɓa tambaya ba. Yau ya dawo da shi, sai dai cikin matakai goma sha huɗu saura uku. A gwaji ƙarshen wasan bai tayar da kowa ba, har mai kula da fitilu da ke dariyar komai. Norman ya cire tabarau ya goge, ya ce a ba shi minti ashirin, ya shiga ɗakin sauya kaya shi kaɗai.

Ƙarfe huɗu da minti biyar aka raba takarda mai ruwan hoda. Shafi biyu ne cike.

"Naka ne duka, mutumina," in ji Norman, yana miƙa wa Wilf. "Zan tambaye ka ina sauran matakan, kai kuma ka ba ni labarin kowane ɗaya. Goma sha ɗaya. Ni 'to' da 'sai kuma' kawai zan riƙa cewa. Babu wahala, karantawa kawai za ka yi. Ko jaki zai iya."

"Shi ya sa ka ba ni."

"Shi ya sa."

Aka yi dariya. Wilf ma ya yi, ya danna takardun a ƙirji. Glenys na tsaye da ɓawon kwakwa a hannu, ta ga ƙeyarsa ta yi ja. Ƙarfe biyar za a fara ɗauka.

"Wilf, zo ka kama min tsanin nan, bayana ba ya so," ta ce, da ƙarfin da kowa zai ji.

Ta kai shi ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin dandamali, ta tura ƙofar. Daga sama ana jin ana jan kujeru.

"Ka je ka ce masa tsohon ya fi."

"Tsohon bai fi ba."

"Ba ka ma ji sabon ba."

"Na ga fuskarsa. In ya yi wannan fuskar ta limamin coci, abin ya yi kyau. Karanta."

Ta karanta. Mataki na farko an hura wuta da shi a shekarar babban ƙanƙara. Na biyu kare ya cinye. Na uku yana tokare da gadon surukarsa har yau. Na biyar ya ara wa wani maƙwabci da bai dawo da shi ba, domin wasu mutane ba su da kunya. Wilf ya yi dariya a nan duk da halin da yake ciki, ya ce tsinannen tsohon nan ya iya.

"Kowane mataki yatsa ɗaya," in ji ta. "Fara daga ƙaramin na hagu."

"Yatsuna goma ne, Glen."

"Na ƙarshe hancinka. Sake daga farko."

Karo na farko ya tsaya a na huɗu. Karo na biyu ya sa na tara a gurbin na takwas. Tana ta duba agogon hannunta har ya ce ta daina, tana sa shi fitsari. Karo na uku ya kai ƙarshe ba tuntuɓe, zufa na ɗiga daga haɓarsa. Suna shirin na huɗu aka turo ƙofa. Norman ne, ya riga ya ɗaura laktaye.

"Me kuke yi a nan?"

"Aurenta nake nema," in ji Wilf. "Ka shigo daidai inda za ta ƙi."

"Ta yi hankali. Saura minti goma."

Idon Norman ya ɗan tsaya a kan takardar da ke hannun Glenys. Sai ya juya ya fita. Mai sauti ai tana da dalilin riƙe takarda.

Mutum ɗari uku zauren ke ɗauka, kuma ya cika. Imogen ta fito ta roƙi jama'a su kashe waya, masu tari su yi yanzu, sannan ta koma ɗakin na'ura a bayan gilashi. Jar fitila ta kama. Guntaye biyar na farko sun tafi lafiya. Glenys ta yi takun doki da ɓawon kwakwa, ta yi ruwan sama da shinkafa a kan faranti, ta fasa kofi a cikin bokiti, duk idonta na kan hannun Wilf. Baƙon London yana layi na uku da kwat a kan cinya, sau biyu ta ga kafaɗunsa na rawa.

Sai wasan tsani. Ta ƙwanƙwasa, ta zare sakata, ta buɗe, ta ja tsanin a kan katako. Suka gama farar takarda, Norman ya sake ta ƙasa, Wilf ya saki tasa.

"Ba wai ina ƙorafi ba ne," in ji Norman a muryar maƙwabcin, "amma kamar ya fi haka tsawo da."

Wilf ya naɗe ƙaramin yatsansa na hagu a bayan takardar, ya fara. Na farko dariya. Na biyu ta ƙaru. A na biyar sai da ya jira jama'a suka lafa, wata mata a baya tana shaƙewa. Wannan jiran ba su gwada shi a ɗakin ajiya ba. Ya faɗi na shida, ya ɗan rage masa wutsiya, amma ya wuce.

"Sai kuma?" in ji Norman.

Wilf ya buɗe baki. Babu abin da ya fito.

Glenys na ƙirga shiru kamar yadda direba ke duba madubi, ba tare da ta yi niyya ba. Daƙiƙa biyu gwaninta ce. Uku ma ana iya cewa gwaninta. Wilf ya saukar da ido kan takardar, kamar yadda duk ɗan wasan da ya ɓata ke yi, 'yan kallo kuma sun san da zarar ya duba zai ci gaba. Ya duba. Huɗu. Biyar. Wani ya yi 'yar dariya a gefe, irin wadda ba ta san inda za ta ba. Norman ya fara juyo da kansa. Ta san na bakwai, yana gabanta a rubuce, amma in ta raɗa makirufonta zai kai wa Imogen, in ta ɗaga murya zaure duka ya ji. Abin da ke hannunta ƙofa ce.

Ta buga ta da duk ƙarfinta, har sarƙar ta yi tsalle. Ta faɗa cikin akwatin tsakuwar da take yin takun ƙafa a ciki, da ƙafa biyu, ta yi gudun mutumin da ya tsere, tana rage nauyin takun har ya ɓace.

Zauren ya ɗauki daƙiƙa ɗaya kafin ya gane: mutumin ya gwammace ya gudu da ya faɗi abin da ya sami mataki na bakwai. Sai dariya ta ɓarke, da tafi. Wilf na tsaye a gaban makirufo bai motsa ba, amma a rediyo ya riga ya fita. Norman bai dubi jama'a ba. Hannun Wilf ya duba. Labarin mataki na shida da na bakwai a shafi na biyu suke, Norman ya saki na farko tun ɗazu, Wilf kuwa, da ya shagala da yatsunsa, har yanzu na farkon ne a saman takardunsa.

Norman ya jira dariyar ta sauka, ya matsa kusa da makirufo.

"To," ya ce. "Sai bayan wata shekara goma sha tara."

Aka sa kiɗan rufewa. Amma ɗauka ba ta ƙarewa da kiɗa. Jama'a kan zauna a sake duk inda aka yi kuskure. Muryar Imogen ta fito ta lasifika, cikin fara'ar da ba ta kai ciki ba.

"Madalla. Guri ɗaya ne kawai. Glenys, ƙofar nan ta riga lokacinta da kusan shafi guda. Mu koma daga mataki na bakwai, Wilf, in ka shirya."

"Kuskurena ne," in ji Glenys. Wilf na kallon ƙasa.

Norman ya naɗe takardarsa biyu, ya sa a aljihu.

"Imogen, 'yar nan, shekara arba'in da biyu ina neman wanda zai fitar min da mutumin nan daga ɗaki. Yau an samu, kina cewa a dawo da shi? A bar shi a waje."

Jama'a suka sake tafi. Imogen a bayan gilashi ta dubi layi na uku, ta ce to, an gama.

Glenys na tura ƙofarta a farfajiyar baya Norman ya sha gabanta. Ya cire laktayen, yana naɗe shi a hannu.

"Tun yaushe?"

"Ka tambaye shi."

"Ke nake tambaya, Misis Thackray."

Tunda suka san juna bai taɓa kiranta haka ba.

"A Kirsimeti abin ya same shi. Ni a Fabrairu na gane. Karatu ne kawai, Norman, kansa garau yake."

"Wata huɗu kina bayana kina kallo." Bai ɗaga murya ba. "Ɗazu na miƙa masa shafi biyu a gaban mutane, na ce ko jaki zai iya. Kina tsaye. Da kwakwa a hannu."

"Da na gaya maka da ka tsayar da shirin."

"Wataƙila. Amma da ni da shi muka yanke, ba ke ba."

Ya matsa ya ba ta hanya. Tayar ƙofar ɗaya na ƙara, ta ji ta har ƙarshen farfajiyar.

Norman da Wilf sun kulle kansu a ɗakin sauya kaya fiye da awa ɗaya. Abin da aka sani daga bakin Wilf ne, a waya, bayan kwana biyu. Ya ce Norman ya ce mutumin da ya haddace mataki shida cikin minti arba'in bai kasa ba tukuna, kuma ranar da ya kasa zai gani da kansa, don yanzu yana kallo. Wilf ya ce bai san ko ya yi murna ba ko ya fara neman tantabaru.

An ba su sabon zango, shiri shida. Norman ya kafa wa Imogen sharaɗi biyu. Na farko, a rufe gyara tun Laraba, kada a sake raba takarda ranar ɗauka. Na biyu, a nemo wani mai sauti. Imogen ta yi ƙoƙarin ba shi baki, ya ce Misis Thackray ta yi ƙarar da ba ta cikin takarda, ita ma ta san hukuncin wannan. Ba wanda ya iya cewa ƙarya yake. Wilf ya so ya tayar da rigima, Glenys ta ce ya zauna lafiya, kada a yi biyu babu. Yanzu Norman ne ke zuwa Pudsey yana karanta masa, kuma Wilf ya ce ko shayi ba ya bari a sha sai an gama shafi goma.

An watsa shirin a watan Yuni yadda aka ɗauke shi. Glenys ba ta saurara ba, ta kai jikarta iyo. Gidan rediyon ya ba ta aikin wasan kwaikwayon rana, kwana biyu a wata, yawanci labaran kisan kai a gidajen ƙauye, inda ƙofa ba ta yankewa.

Ranar Litinin da ta wuce ta rubuta wa Norman wasiƙa. Sau uku tana yagawa, ta ƙarshe layi huɗu ce. Ta ce ta yi kuskure da ta tsaya shiru lokacin da ya miƙa takardun nan, kuma tana neman gafararsa a kan wannan. Ta ce ƙofar kuwa, da za a sake, za ta sake bugawa. Ta sa hannu da sunanta na farko kawai, ta sa takalmin ruwa, ta taka zuwa ƙarshen titinsu ta jefa ta a akwatin gidan waya kafin a kwashe na ƙarfe biyar.